Ranar da Baba Ya Karanta Sunana

Ina gaishe ku, masu bina a wannan shafi, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa in daina ja mata rai, in faɗa mata kawai ko na auri Luka ko ban aure shi ba, ta huta. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ni ma a lokacin ban sani ba. Yau zan ba ku abin da ya faru a bazarar 1986, kuma ina roƙonku kada ku yi saurin zagin mahaifina.

Sunana Susana, ni ce 'yar fari a gidan Malam Istifanus na Ƙarfi, kusa da Malumfashi. Shekaruna ashirin da biyu a lokacin, ina koyar da 'yan aji biyu a firamaren garinmu. Ku 'yan yanzu da iyayenku ke ƙwala muku kira da sunanku tun daga ƙofar gida, da wuya ku gane wannan: tun da aka haife ni Baba bai taɓa faɗin sunana ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma shigar mutanenmu addinin Kirista ba ta raba su da ita ba. Ranar da aka sa ni makaranta ƙaninsa ya tura, don kada hedimasta ya tambaye shi sunan yarinya. Idan zai kira ni sai ya ce "ke". Idan zai yi maganata da wani sai ya ce "'yar Tsohuwa", saboda a ɗakin kakata na tashi.

Baba mutum ne mai fargaba. Idan hadari ya haɗo zai ce ƙanƙara ce za ta kashe masa auduga, idan bai haɗo ba zai ce fari ne ya zo. Karatunsa aji huɗu ne a makarantar mishan, amma yana ji da shi. Ba ya iya ganin rubutu ya yi shiru, ko a jikin buhun taki ne sai ya ɗaga yatsa ya karanta da ƙarfi, gaɓa bayan gaɓa. Shekarar da auduga ta yi kyau ya sayo talabijin mai baƙi da fari, mai ƙofofin katako guda biyu, ya kafa doguwar gora ya ɗaura mata eriya, yana kai batirin mota caji Malumfashi a bayan keke. Kullum da la'asar sakaliya sai a fito da ita ƙarƙashin bedin ƙofar gida, unguwa ta taru. Baba ne mai karanta wa jama'a duk rubutun da ya fito, ko sunan mai labarai ne ko tallan sabulu. Wannan kujerar ta mai karatu ta fi masa komai daɗi a duniya.

Shi kuwa Luka mai gyaran rediyo da talabijin ne a Funtua. A taron mawaƙan coci a Kafur muka haɗu. Baba ya san da zancen, bai hana ba, bai kuma saki jiki ba.

"Mutumin da ba shi da ko taƙin gona," haka yake ce wa Inna, mahaifiyata, yana sane ina ji. "Kullum hannunsa cikin wutar lantarki. Ranar da ta ja shi fa? A dawo mini da 'yar Tsohuwa da goyo?"

Wata Asabar kafin Ista na shiga motar Funtua zan sayo yadin ankon mawaƙa. Na ɗaura atamfata mai ruwan ƙasa da zanen ganye, na yi ɗaurin ɗankwali mai tsini a gefe wanda ake yayi a lokacin, na zizara kwalli, na shafa hoda na goge na sake shafawa. Ku ma kun san ba don mai yadi na yi ba. Shagon Luka yana bayan tashar mota, ɗan ƙarami, rediyoyi a jere cikinsu a buɗe kamar marasa lafiya, ga warin dalma.

"Malama, yara sun kore ki ne?"

"Yau Asabar, Injiniya. Wutar ta fara taɓa maka kai."

"Ta daɗe da taɓawa. Zauna ki ga wani abu."

Ya jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin benci ya buɗe. A ciki akwai ɗan allo da wayoyi sun harɗe, a tsakiya kuma wani baƙin abu bai fi tsawon yatsa ba, da ƙafafu a jere hagu da dama.

"Shanshani ka kama ka dafa?"

"Kin raɗa masa suna," in ji shi yana dariya. "Kin san abin da ke cina a sana'ar nan? Tashar Kaduna ba ta buɗewa sai la'asar. A kawo mini talabijin da safe in gyara, amma ba ni da hoton da zan gwada, sai in zauna ina jiran mutanen Kaduna su gama barcin rana. To wannan ita ce tawa tashar."

Ya ce a cikin wata matacciyar na'urar ofis ya ciro shi wajen 'yan gwangwan, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Na ce yaya za a yi wannan ɗan abin ya yi hoto.

"Kin ga yadda Tsohuwa ke saƙa? Zare bayan zare, har zane ya fito. Haka hoton talabijin yake, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sai dai saurinsa ya fi ƙarfin ido. Shi shanshanin aikinsa ɗaya ne, ya riƙa cewa nan fari, nan baƙi, layi ya ƙare, koma farko. Idan ya makara ko yaya, hoto ya karkace kamar bangon da ruwa ya ci. Fiye da shekara na yi ina koya masa kada ya makara."

Koyarwar ma ba a Funtua ake yi ba. Akwai wata na'ura a Zariya da ke rubuta karatu a cikin irin wannan abu, abokinsa Yunis ne ke kula da ɗakin da take, yana buɗe masa ranar da ba aiki. Yanzu Yunis ya bar aikin ya koma garinsu, ƙofar ta rufe.

Ya haɗa waya da wata talabijin ya kunna. Layuka suka fito a tsaye, daga fari zuwa baƙi, tsaf kamar an ja da rula. Can suka koma gida-gida kamar dara. Ina shirin cewa ya yi kyau sai ga haruffa manya-manya, masu kusurwa kamar an jera tubali: SUSANA TA LUKA.

Wallahi sai da na rufe fuska da gefen ɗankwali.

"Wa ya ba ka ni?"

"Shanshani ne ya faɗa, ni ba ruwana."

"Idan masu kawo gyara suka gani fa?"

"Ba sa gani. Kafin ya kai nan na zare waya. Naki ne ke kaɗai." Sai ya rage murya. "Wani mai kamfanin haɗa rediyo a Kaduna ya ga layukan. Ya ce in kai masa bayan Ista, idan ya gamsu zai ɗauke ni aiki. Daga nan sai in turo su Kawu Jibo neman aurenki, Baba ya daina neman gonata."

Na dawo gida ranar na manta ban karɓo zaren ɗinki ba, Inna ta yi ta faɗa, ni kuwa ko a jikina.

Ba a jima ba talabijin ɗin Baba ta fara ciwo. Hoton ya riƙa tsukewa, mutane su zama gajeru masu faɗin kai. Baba ya kasa cin tuwo, ya ce tun farko ya san za ta mutu. Da kyar Inna ta lallashe shi ya aika wa Luka. Ya zo ranar Lahadi bayan an taso daga coci, sanye da farar shat da ya goge har tana ɗaukar ido, jakar kayan aiki a kafaɗa. Da yake ba mu da lantarki, a kaskon gawayi ya ɗora ƙarfen dalmarsa ya yi zafi.

Jin ana gyara, mutane suka taru tun rana na tsaka. Buba, aminin Baba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gonarmu, ya zo da sandarsa ya zauna a kan tushen bedi. Mata suka shimfiɗa tabarma a gefe, Tsohuwa a tsakiyarsu. Ni ina kai da kawo da kwanon kunun zaƙi, ina yi kamar ban san mai gyaran ba.

"Kaɗo, ka bar yaro ya yi aikinsa," in ji Buba, don Baba ya tsaya a kan Luka yana ta cewa a yi hankali da wannan, kada a taɓa wancan. "Ko saniya ce ke haihuwa ba a tsaya mata haka."

"Kai me ka sani a kan na'ura, Bafillace?"

"Na san ta fi ka haƙuri."

Luka ya canza abin da zai canza ya rufe bayan akwatin. Tasha ba ta buɗe ba tukuna, allon sai tsaki-tsaki kamar an watsa gero. Sai ya zare wayar eriya ya sa ta gwangwaninsa. Layuka suka fito, jama'a suka yi ta mamaki. Ya murɗa wani abu a baya har suka miƙe, suka koma gida-gida. Na ga hannunsa ya nufi wayar zai zare. A daidai lokacin wata akuya ta bi ta bayan tebur ta ture kaskon, ƙarfen dalma ya gangaro jajir ya nufi tabarmar mata. Luka ya saki waya ya yi tsalle ya tare shi da takalmi.

Baba bai ga akuya ba. Idonsa na kan allo, ya ga rubutu ya fito, yatsansa ya ɗagu da kansa kamar kullum.

"Su… sa… na," ya karanta, da muryar da yake karatun Littafi a coci, yadda na bayan taro ma zai ji. "Ta… Lu… ka."

Sai da ya kai ƙarshe kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta danne da zane. Buba ya jawo malafarsa ya rufe ido. Inna ta tashi ta shige gida ba ta ko ɗauki takalmanta ba. Yatsan Baba yana nan a sama, ya manta bai sauke ba.

Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ina tsaye da kwano a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma can ƙasan zuciyata wani daɗi na ji. Ashe haka sunana yake a bakin Baba. A hankali ya faɗe shi, kamar mai ɗauko ƙwai. Daɗin bai daɗe ba, don na ga fuskarsa.

Ya tashi ya rufe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, yau babu kallo."

Da aka watse ya juyo wajen Luka, wanda ya riga ya durƙusa.

"Har ina da ina aka gani?"

"Nan kawai, Baba. Nan ƙarƙashin bishiyar nan."

"Kada ka maishe ni yaro. Abin da ya fito a akwatin nan Kaduna ta gani, Kano ta gani, Gwamna ma yana zaune ya gani. Ba ka turo kowa ba, ba a kawo goro ba, ba a tambaye ni ba, ka shelanta wa duniya 'yata taka ce. Kuma ka sa ni na yi maka shelar da bakina."

"Baba, ga wayar eriyar nan a ƙasa, na cire ta. Daga gwangwanin nan ne kawai zuwa…"

"Tashi ka tafi."

Washegari da sassafe ya hau keke ya tafi Malumfashi, ya bi gidajen da ya san suna da talabijin yana tambaya ko sun ga wani rubutu jiya da rana. Kowa ya ce bai gani ba, wa ke kunna akwati kafin a buɗe tasha? Ya dawo ya ce wa Inna, "Kin ji, su ba su kunna ba ne. Waɗanda suka kunna fa?"

Daga ranar talabijin ba ta sake fitowa ba. Ya roƙi Fasto a ɗauke masa karatun ranar Lahadi, wai idonsa ne ke ciwo. Idan na je rijiya sai in ji wata ta ja murya a bayana, "Su… sa… na," sauran su ƙyalƙyale. Ni ina iya ɗauka. Amma na san yana jin irinta a kasuwa, don ya daina zuwa. Sai ya wuni a gindin rumbu yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Idan na kawo masa abinci ba ya ɗaga kai, "ke" ɗin ma ta ɗauke.

Tsohuwa ce kaɗai ke iya tunkararsa.

"Kai Istifanus, sunan nan guba ne? Ka faɗa, ka mutu? Ni da na raɗa mata shi kullum ina faɗa, ga ni garau."

"Iya, ba ki ga yadda Buba ya rufe fuska ba."

"Buba ya rufe fuska don ya taya ka kunya, ba don ya raina ka ba. Kai dai tun kana yaro inuwarka ma tsoro take ba ka."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Ranar Laraba ta makon Ista Luka ya dawo tare da Kawu Jibo, ƙanin mahaifinsa, wani dattijo mai sanyin magana da ke aikin awo a injin gurzar auduga. Suka zauna a zaure, ni na laɓe bayan zana. Kawu Jibo ya ba da haƙuri har ya gaji. Da Baba ya buɗe baki abu ɗaya ya tambaya.

"Sunan yana nan cikin gwangwanin?"

"Yana nan, Baba."

"Duk inda ka jona shi zai fito?"

"Idan na bar shi ya kai wurin."

"To ka cire shi. Ka cire a gabana in gani da idona, sannan a yi maganar turo manya. Ba zan kwanta ina tunanin sunan 'yata na yawo a jaka daga shago zuwa shago ba."

Sannan na ji ƙarar buɗe gwangwani.

"Baba, ka ga wannan baƙin salatif ɗin a bayansa? Akwai 'yar taga ta gilashi a ƙarƙashi. Idan aka ɓare aka bar shi a rana kwana da kwanaki, zai manta abin da ke cikinsa. Sai dai ba ya zaɓe. Duka yake mantawa."

"To ya manta."

Na jira ya faɗi maganar Kaduna. Na jira ya ce Yunis ya tafi, babu inda za a sake rubutawa. Ina ta cewa a raina, faɗa mana Injiniya, faɗa masa. Abin da na ji kawai shi ne, "To, Baba."

Da suka tafi na ruga ɗakin Tsohuwa na zayyana mata komai ina kuka, don ni ba ni da bakin da zan tsaya gaban Baba da irin wannan magana. Ta ɗauki sandarta ta same shi. Daga inda nake na ji amsarsa.

"Au, har Kaduna za a kai shi? A tara ƙartai a ofis a nuna musu sunan? Iya, kin ƙara mini dalili."

A kan rumfar tsakar gida aka ajiye shi, cikin faifai, kusa da barkonon da Inna ta shanya. Rana irin ta bazara, wadda ko kaza ba ta yarda ta taka ƙasa. Baba da kansa ya ɗauki aikin tsaronsa. Da safe ya fito da shi, rana ta juya ya juya faifan, shaho ya gitta ya tashi da gudu wai kada ya ɗauka, da yamma ya naɗe a hankici ya sa a aljihu. Ista ta zo ta wuce, na sa ankon na yi waƙa ban san me nake rerawa ba.

Wata rana da Baba ya zaga na taka turmi na leƙa. 'Yar tagar tana ƙyalli kamar idon ɗan tsako, ana hango wani ɗan abu mai ruwan azurfa a ciki. Murfin kwano na hannuna. Da na kifa masa, da rana ba ta same shi ba, da aikin Luka ya tsira. Amma ranar gwaji sunan zai sake fitowa a gaban Baba, shi ke nan kuma babu ni babu Luka. Na tsaya a kan turmin har tafin ƙafata ya yi zafi, na sauko da murfina.

Ranar gwaji a ɗakin Baba aka yi, an saki labule, daga shi sai Luka sai Kawu Jibo. Ni aka ce in riƙe wayar batir, shi ya sa na shiga. Luka ya rame, shat ɗin ma ba guga. Ya mai da shanshanin mazauninsa ya jona. Allon ya yi haske, fari-fari, babu komai. Muka jira. Baba ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

"Babu?"

"Babu, Baba."

"Layukan nan masu kyau fa?"

"Har su."

"To ai sai ka sake rubuta layukan kawai, ban da sunan. Ni layuka ba su yi mini komai ba."

"Inda ake rubutawa ya rufe, Baba."

Baba ya dube shi, ya dubi gwangwanin. Ina jin sai a lokacin maganar da Tsohuwa ta kai masa ta isa inda za ta isa. Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba.

"Malam Jibo, ku zo Lahadi ta sama. Ku zo da mutanenku."

Na bi Luka har bakin bedi, abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane.

"Injiniya, ka ji? Ya yarda."

"Na ji, Malama."

"Kaduna fa?"

"Me zan kai musu? Gwangwanin alewa?" Ya yi ɗan murmushi wanda gara bai yi ba. "Ban ga laifinsa ba, ni na saki waya. Sai dai idan na zauna a bencina yanzu, hannuna ba ya son taɓa komai."

"Zai dawo."

"Allah ya sa. Koma gida, rana ta yi zafi."

Lahadin ta zo. Tun asuba aka yanka kaji, Inna ta yi shinkafa da miya, aka yi dambu, aka cika tulu da kunun zaƙi. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Na sa leshina ruwan hoda wanda ban taɓa sawa ba, Tsohuwa ta ciro 'yan kunnenta na azurfa daga ƙasan adaka ta maƙala mini da hannunta tana tsokanata wai na fi ta kyau da kaɗan. Baba ya sa farar babbar rigarsa tun da aka taso daga coci ya zauna a ƙofar gida, Buba a gefensa don ya zama shaida. Duk ƙarar motar da aka ji sai ya miƙe.

"Zauna Kaɗo, ka sa ni jiri."

"Hanyar Funtua ba kyau. Ko taya ce ta fashe?"

Rana ta karkata, miya ta huce aka sake ɗumamawa. Sai can wata a-kori-kura ta tsaya a bakin titi. Ina leƙe ta ramin zana. Mutum ɗaya ne ya sauko, Kawu Jibo, babu goro, babu kowa a bayansa. Ya tako a hankali ya gaisa, ya ƙi shiga zaure, ya tsuguna nan ƙarƙashin bedi.

"Malam Istifanus, na rasa da bakin da zan faɗa. Yaron ya rufe shago. Shekaranjiya ya hau jirgin ƙasa, ya ce Ikko za shi, wato Legas, wajen masu kayan lantarki, ko zai sami inda ake da irin na'urar nan. Ya ce in gaya maka bai janye ba, kuma bai riƙe ka a rai ba. Amma ba zai zo neman aure hannu wofi ba, ba gona ba sana'ar da zai nuna."

"Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗa ba."

"Wa ya sani a can? A ina zai kwana?"

"Akwai wani ɗan garinmu da ke gadi a wata kasuwa. Sunan kasuwar kawai na sani."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa da leshin ba. Inna ta zo ta tsaya a kaina. A waje Buba na ta zane a ƙasa da bakin sandarsa. Can na ji Baba ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni na kore shi."

Ya shigo gida ya tsaya a gabana. Mutumin nan bai taɓa wuce Zariya ba a rayuwarsa, ita ma sau ɗaya, ya dawo ya yi mako yana ba da labarin yadda direba ya kusa kashe su.

"Ke, tashi ki cire kayan nan kada su yi datti, za ki sake sa su. Ki ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin kunu, ki sa mini bargo a jaka."

"Ina za ka, Baba?"

Bai dube ni ba. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Malam Jibo, jirgin da ya hau, gobe ma yana tashi?"